Uwar da Katinku Ya Ƙi Sani

Zuwa ga Mai Girma Manajan Sashen Ladan Tafiye-tafiye, na kamfanin katin bashi mai ruwan zinare.

Ranka ya daɗe, ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya. Sunana Lawal Sa'idu, mutumin Malumfashi, ɗalibin digiri na uku a nan Greensboro ta Amurka. Shekara uku ke nan katinku yana aljihuna, ba mu taɓa samun saɓani ba sai bana.

Da gangan na rubuta da Hausa. Ni ma sai da na ɗauko ƙamus kafin na gane ƙananan rubutun da ke bayan takardarku, saboda haka ba laifi ku ma ku nemi mai fassara. Kwafi ɗaya zai zo ofishinka, sauran za a raba su a ƙofar masallaci bayan Juma'a, domin mutanen wurin suna da hannu a maganar.

Ga damuwata a taƙaice. A watan Mayu za a yi bikin ba mu digiri, saura mako bakwai. Ina so Gwaggo Dije, matar da ta raine ni, ta zo ta ga an sa mini hular nan. Na tara mil ɗin da kuka ce a tara, amma sau biyu kuna hana ta tikiti.

Na ɗaya: yadda aka yi na zaɓe ku.

A shekarar da na karɓi katin, takardun talla sun yi ta cika akwatin wasiƙata kamar wani attajirin unguwar Irving Park, alhali ɗaki ɗaya nake haya, motata kuma sai an lallaɓa ta take tashi. Na ware guda uku. Wata Asabar na kwashe su zuwa Sedgefield, gidan Dakta Bashir, malamin jami'a ɗan Zariya, muka baje su a kan tebur bayan cin abinci. Malam Isufu, mutumin Maraɗi mai tuƙa tasi, shi ma yana wurin.

Dakta ya tsaya kai da fata a kan kati mai ruwan azurfa, saboda yana shigar da mutum ɗakin hutun manya a filin jirgi, inda ake da kujera mai laushi da shayi kyauta. Kuɗin shekararsa ya kusa hayar ɗakina ta wata guda. Dakta ya ce wannan ba komai ba ne ga wanda ya san ciwon kansa. Na ce masa ni dai ciwon aljihuna na sani.

Malam Isufu kuwa katin wani kamfanin jirgi ya riƙe, don yana ba da damar ƙarin akwati, wanda shi yake kira baliz, kuma in ta ɓata a biya ka. Ya ce duk wanda bai taɓa durƙusawa gaban ma'auni yana cire takalma da turare daga baliz jama'a suna kallo ba, ba zai gane darajar wannan kati ba. Gaskiya ya faɗa. Sai dai katin yana ɗaure mutum da jirgi ɗaya, jirgin kuma bai san hanyar Kano ba.

Naku shi ne na tsakiya. Kuɗin shekara dala tasa'in da biyar, mil ɗaya a kan kowace dala, da inshorar motar haya. Ba waɗannan ne suka ja ni ba. Can ƙasa akwai layin da ya ce mai kati zai iya yankar wa iyalinsa na kusa tikiti da mil ɗinsa: mata, 'ya'ya, uba da uwa. Ina ganin kalmar uwa na daina karatu, na ari biron Dakta na sa hannu.

Na biyu: yadda aka tara mil ɗin.

Zan fara da tona wa kaina asiri. Da fari na ɗauka mil ɗinku mil ne na hanya. Na sami taswira da zare na auna daga Kano zuwa nan, na ga mil dubu biyar da ɗoriya, na ce ashe abin ba wuya. Sai da na je wurin mai sayar da tikiti a Elm Street ta yi murmushi ta ce zuwa da komawa mil dubu tamanin ne. Na tambaye ta ko jirgin zai fara zagaya duniya ne kafin ya sauka. Har yau Malam Isufu bai daina tsokanata da zaren nan ba.

Ɗalibi ba ya kashe dala dubu tamanin a shekara uku, ko da gidan yake ci har da bango. Jama'a ne suka shigo. Da labari ya bazu cewa Lawal yana tara wa tsohuwarsa mil, sai kowa ya riƙa kirana in zai yi sayayya: in goga katina, ya ba ni kuɗin a hannu. Tayoyin tasin Malam Isufu, firjin matar Dakta, shinkafar buɗa-baki ta masallaci azumi uku a jere, ragunan layya da muke zuwa gona mu sayo, kuɗin makarantar ɗalibai biyu, har da haƙorin wani dattijo da aka cire. Ba wanda ke cewa mil ɗin Lawal. Mil ɗin Gwaggo ake cewa, kuma bayan kowace Juma'a sai an tare ni an tambayi inda aka kwana.

Duk ƙarshen wata nakan biya abin da ke kan katin gaba ɗaya, don addinina bai yarda in bar kuɗin ruwa ya hau ba. Na san ba irinmu kuka fi so ba. Ku yi haƙuri.

Na uku: ba zan ci amanarku ba, kun yi mini alheri. Lokacin da na je taro Chicago wani ya goge mini motar haya ya gudu, kun biya ba tare da jan rai ba. Matar da ke ɗaukar wayarku ma tana da ladabi, duk da ba ta taɓa faɗin sunana daidai ba. Wannan ya sa na ji zafin abin da ya biyo baya.

Na huɗu: kalmar da ta raba mu.

Da mil ya cika na cike fom ɗinku. Inda aka tambayi dangantaka na rubuta uwa, ban ko tsaya tunani ba. Kuka nemi takardar haihuwata, na aiko. Bayan mako biyu sai ga wasiƙa cewa sunan uwar da ke takardar Rabi ne, na fasfo kuma Hadiza, don haka an dakatar da buƙatata saboda bayanin da na bayar ba daidai ba ne. A Hausa wannan sunansa ƙarya. Na karanta layin sau uku, raina ya ɓaci ƙwarai, don ban yi muku ƙarya ba.

Ranka ya daɗe, bari in yi maka bayanin da fom ɗinku bai bar masa wuri ba. Ni ɗan fari ne. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna nata ne. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma abin yabo ne. Da aka yaye ni sai aka kai ni wurin yayar mahaifina, Hadiza, wadda kowa ke kira Gwaggo Dije, aka ba ta riƙona. Ita ta goya ni, ita ta yi jinyata da na yi ƙyanda, ita ta soya ƙosai shekara da shekaru ta saya mini littafi. Ita ta mare ni da na gudu daga makaranta, ita kuma ta yi kuka a tasha ranar da zan taho ƙasar nan. Hajiya Rabi da ta haife ni, Yaya nake ce mata. Ita kuma in dole ta yi zancena sai ta ce yaron Dije, tun da na taho nan kuwa na koma wancan na Amurka.

Na yi wa ma'aikaciyarku wannan bayani a waya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce labarin ya taɓa mata zuciya, amma anti ba ta cikin jerin iyali na kusa. Anti! Matar da ta tauna mini abinci kafin in yi haƙori. Daga baya ta ce akwai mafita: tunda mahaifina ya rasu, in mahaifiyata ta yi rantsuwa a kotu cewa Gwaggo ce ta riƙe ni a matsayin ɗa, za ku duba.

Na biyar: takardar farko.

Na aika wa ƙanwata Binta, malamar firamare ce a gida, ta kai Yaya kotu. Takarda ta zo da hatimi da dangwalen yatsa, na tura muku ta na'urar fas ina murna, ban ma karanta da kyau ba. Kuka dawo da ita kuka ce babu sunan mai kati a ciki. Na duba, wallahi babu. Daga farko har ƙarshe abin da Yaya ta sa aka rubuta shi ne: yaron nan da ke Amurka ɗan Dije ne, ita ta raine shi, kowa ya sani. Binta ta ce magatakarda ya yi juyin duniya ta faɗi sunan, ta rufe fuska da mayafi ta ce ai shi ma ya san wanda take nufi. A nan ban ga laifinku ba. Dakta ya yi dariya har da hawaye, ya ce yaran da ke Amurka suna da yawa.

Na shida: takarda ta biyu, wadda na haɗo da wannan wasiƙa.

Ban nemi a sake komawa kotu ba. Na rubuta wa Binta na ce a bar maganar, zan sayar da mota in ga inda kuɗin zai kai. Ashe labari ya isa kunnen Yaya cewa Gwaggo ta riga ta sha wahalar zuwa Legas ta samo biza, ta ɗinka kaya, ta gama sallamar 'yan unguwa, kuma abin da ya tsare tafiyar kalma ɗaya ce. Binta ta ce da safe Yaya ta ɗauki mayafinta da kanta ta ce a koma. Magatakarda ya ce doka ba ta yarda wani ya faɗi sunan a madadinta ba, sai daga bakinta. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Sannan ta ce Lawal, a hankali, sau ɗaya. Ya ce ta ƙara da sunan uba, ta ƙara. Ta dangwala yatsa ta fita.

Shekarata talatin da huɗu. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba, wannan karon ma ba na wurin. Da na karanta wasiƙar Binta na yi dariya, sai kuma na ga ina share ido a tsakiyar ɗakin karatu.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ku yankar wa Hadiza, wato Gwaggo Dije, tikitinta daga Kano zuwa Greensboro da komawa, cikin makon nan in da hali, domin an ce kujerun masu mil ba su da yawa, ita kuma ba ta iya gaggawa. In akwai kujerar gefen taga ku ba ta, tana son kallon hanya.

Ku goge layin nan da ya ce na ba da bayanin da ba daidai ba. Ya fi hana tikitin yi mini ciwo.

Ku ƙara wuri a fom ɗinku don wadda ta raini mutum. Ba mu kaɗai ba ne. Na tabbata a ofishinka ma akwai wanda kakarsa ko yayar babansa ce uwarsa. In kun yi haka, zan gaya wa duk ɗalibin da ya baje takardun talla a gabana cewa naku ya fi kujera mai laushi, ya fi ƙarin akwati. In kun ƙi, Dakta ya riga ya ajiye mini fom ɗin nasa katin, Malam Isufu ma haka, kuma su biyun ba su da aiki sai jiran wannan rana.

Na ƙarshe, kuma shi ne babba. Takardar rantsuwar da ke cikin ambulan ɗin nan ta asali ce, ba kwafi ba, don kada a sake samun abin cewa. Ku karanta, ku ɗauki hotonta, ku buga mata duk hatimin da kuke so a baya. Amma don Allah kada a huda ta, kada a jefa ta cikin fayil, ku dawo mini da ita ta rajista. A duk duniya nan ne kaɗai wurin da mahaifiyata ta kira sunana, kuma ta kira shi ne don ta sake ba da ni ga wata.

Allah ya ƙara maka lafiya da ɗaukaka, ya sa ka gama da naka iyayen lafiya, waɗanda suka haife ka da waɗanda suka raine ka.

Wassalam, daga mai riƙe da katinku,
Lawal Sa'idu, ɗan Dije, ɗan Rabi,
Greensboro.