Ciwon Yaya Ba Ƙwannafi Ba Ne

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufin asiri. Mu nan da sauƙi, sai dai Inna ta daina cin abincin kirki tun da aka kwantar da ɗan'uwanmu Yaya a asibiti.

A waya an ce maka jiri ne, don kada hankalinka ya tashi. Ni dai ba zan iya ɓoye maka ba. Yana tsaka da yanka katako a shagonsa ya dafe ƙirji ya zube, zarton na hannunsa. Likita ta nuna mini hoton zuciyarsa, ta ce naman ya yi kauri fiye da ƙima, kuma wata jijiya mai kai wa zuciyar jini ta nutse cikin naman maimakon ta bi ta sama, duk bugawa sai an matse ta. Da ta tambaye ni tun yaushe yake jin zafin ƙirji, na ce mata shekara tara. Shekara tara ina sayo masa maganin olsa, ina hana shi yaji, ina masa tsiya wai kwaɗayinsa ne.

Ka san yadda muke cewa ƙwannafin gidanmu ne, gadon Baba. Likita ta ce gadon kam akwai shi, amma a zuciya yake, wataƙila ma shi ya ɗauke Baba farat ɗaya. Ta ce duk 'yan'uwa a gwada mu. An gwada ni, tawa lau. Yaya kuwa an hana shi aikin ƙarfi. Jiya ya sa na kulle shagon, na kawo masa makullin, ya damƙe shi ya juya fuska bango.

Auta, kai ne babbar damuwata. Kwanaki ka ce in ka hau bene da buhu ƙirjinka na zafi, na yi dariya na ce ka rage cin mai. Na janye wannan maganar. Don Allah ka ajiye dakon nan, ka je a duba zuciyarka, ka kai 'yan biyunka ma.

Ka gaida Amarya da Goggo. Inna na gaishe ka. Kullum sai ta gode wa Allah, wai ko ba komai autanta lafiyarsa ƙalau. Ni kuwa sai in ce mata haka ne, in tashi in bar ɗakin.

Taka har kullum,
Yaya Babba