Ni na lulluɓe kwamfutar ɗana, abokinsa ya ɗauki laifin

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ke da iyali da duk masu bibiyar wannan shafi. Don girman Allah ki ɓoye sunana, a garinmu kowa ya san kowa. Masu sharhi kuma ina roƙonku ku tausasa harshe. Na san na yi laifi, na zagi kaina fiye da yadda wani zai zage ni. Shawara nake nema.

Ni matar aure ce a Kolere, cikin Mubi. Karatuna iyakarsa sakandare, aikina gida da yara. Maganar a kan ɗana na fari ce, wanda ko a gida ba na kama sunansa, a nan zan ce masa Abba, da abokinsa da zan kira Zira. Su Zira mutanen Michika ne, Kiristoci, katanga ɗaya ce tsakaninmu tun yaran suna rarrafe. Ranar da 'yan bindiga suka shigo garin nan muka fita da ƙafa, Zira ne ya goyi autata har muka tsallake mayo, wato kogi, uwarsa kuma ta yaga zaninta biyu ta ba ni rabi. Wannan kaɗai ya isa ku san matsayinsu a wurina.

Da muka dawo gida, gangar jikin Abba ce kawai ta dawo. Abin da ya gani a hanya bai taɓa faɗa min ba, ni ma ban matsa ba. Ba ya fita, ba ya hira, ko injin markaɗe aka tayar a maƙwabta sai ka ga ya zabura yana waige. Abu ɗaya da ya rage masa shi ne wata kwamfuta mai akwatin ƙarfe da suka harhaɗa shi da Zira tun kafin gudu, suna buga ƙwallo da tseren mota a ciki. Ta tsira ne saboda a cikin silin suka ɓoye ta. Ni a da ba na ƙaunar abin nan ko kaɗan. Sau nawa ana kiran salla yana ce min Dada bari in ƙarasa? Na sha ce masa, "Wata rana sai na kwara wa abin nan ruwa kowa ya huta." Faɗan uwa ne kawai, amma na faɗa, ya kuma ji. To da muka dawo na ga ita kaɗai ke sa ya tashi zaune, sai na kama bakina. Matsalar ita ce da wasan ya ɗau zafi sai wata fanka a ciki ta fara ruri kamar babura na tahowa daga nesa. Sai ka ga gumi ya karyo masa, ya kashe, ya koma ya kwanta yana kallon bango.

Zira ne ya lura. Shi gyaran waya da kwamfuta yake yi a wata rumfa a kasuwa. Ya same ni ina tsince shinkafa ya ce, "Mama, akwai wani abu a cikin kwamfuta, girafik kad, shi ke zana hoton gem. Namu ya tsufa, fanka nasa ƙarami ne, in ya ji zafi sai ihu. Za mu nemo wanda ba ya ihu." Daga ranar suka kafa majalisa a gindin mangwaron gidanmu, kawuna biyu a kan wayar Zira, suna duba wannan suna ajiye wancan. Abba sabo yake so, mai araha, a cikin kwalinsa. Zira ya ce, "Kai malam, sabon nan fanka ɗaya ne, kamar murfin kwalba. Zai yi kuka ya fi akuyar Mama." Shi wani na gwanjo ya gani, mai manyan fanka biyu da bututun tagulla, ya ce babbar fanka a hankali take juyawa, iska da yawa, ƙara babu. Kuma wai irinsa yana karɓar abin da suke kira obakulok, wato a ƙara masa gudu ya wuce yadda kamfani ya saita, ka samu ƙarfin mai tsada ba ka biya kuɗin mai tsada ba. Abba ya ce, "Kai dai mugun son banza gare ka, har kamfani sai ka cuta." Zira ya ce, "Son banza ne ya sa na zama abokinka." Anti, a ranar na ji dariyar ɗana karo na farko tun dawowarmu. Na shiga kicin na yi kuka, na ce albasa ce.

Har ni na tsoma baki. Na ce to in kun tura shi ya wuce ƙarfinsa ba zai mutu ba? Zira ya ce, "Mama, kamar jaki ne, in ya samu iska zai ɗauki kaya. Iska dai, kar a hana shi iska." Da kunnena na ji wannan magana. Ba ni da wata hujja.

Saboda katin nan Abba ya koma bin babansa gona a Digil, yana tara nasa kason. Yaron da ba ya leƙa ƙofar gida ya riƙa dawowa da laka har gwiwa. Da aka kawo katin daga Legas suka ɗaura, ya kira ni ɗaki ya ce, "Dada saurara." Na kasa kunne na ce ban ji komai ba. Ya ce, "To ai yana aiki." Fuskarsa a lokacin, ban san yadda zan kwatanta muku ba.

Ga inda na shigo. Rufin ɗakin Abba akwai huji-huji da muka tarar bayan mun dawo, ba a samu halin sauya kwanon ba, kuma daidai saitin teburinsa yake yoyo. Wata rana an kawo wuta tun safe, ya tafi gona da babansa. Ashe kafin ya fita shi da Zira sun ƙara wa katin gudu, sun bar shi yana wani gwaji da ake barinsa ya yi ta aiki a ga ko zai jure, ya kashe allon kawai. Ni ban sani ba. Bayan azahar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga wajen duwatsu, iska ta taso. Na kwashe shanya, na tuna da yoyon, na ruga ɗakinsa. Na tsaya na saurara, shiru. Da tsohon katin ne kowa a gidan zai san a kunne yake, wannan kuwa ko numfashi. Na ga wata 'yar wuta a jiki, na ce ai ko talabijin in an kashe tana barin irinta. Sai na yi mata abin da nake yi wa buhun masara da damina. Na ɗauko babbar leda na naɗe akwatin tsaf, na cusa bakin ledar a ƙarƙashi don kada ɗigo ya samu hanya, na ɗora bargo a kai, na rufe taga, na ja ƙofa. Har ina jin daɗi a raina wai na yi wa ɗana abin kirki. Da ma in hadari ya taso ɗauke wuta ake yi, ranar ba a ɗauke ba. Ruwan ma bai sauka ba, iska ta kore shi. Ni kuma na shiga girki na manta.

Da na fara jin ƙaurin roba na ɗauka maƙwabta ke ƙona shara. Sai da ƙaurin ya cika tsakar gida na tuna da kwamfutar. Na shiga na yaye bargon, ledar ta yi laushi, ƙarfen ba ya taɓuwa don zafi, 'yar wutar nan ta mutu. Innalillahi. Me ya kamata in yi? In zauna in jira shi in ce Abba ga abin da na yi. Me na yi? Na ninke ledar na tura bayan buhuna, na mayar da bargon kan gado, na buɗe taga, na yi ta fifita da faifai har ƙaurin ya fita, na koma kicin kamar ba ni ba.

Ya dawo da la'asar ko ƙafa bai wanke ba ya wuce ɗaki. Can na ji ya fita, suka dawo da Zira. Zira ya kwance akwatin, ya ciro katin ya shinshina, ya juya shi ya ce, "Wannan zafi ne ya kashe shi. Kamar an toshe masa hanci. An rufe shi da wani abu?" Ina tsaye a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Ya ɗago ya ce, "Mama, ko wani ya shiga ɗakin?" Sai na tuna maganar kwara ruwa. Na ce a raina in na amsa, wa zai yarda ba da gangan na yi ba? Yaron da ni kaɗai yake karɓar abinci daga hannuna? Bakina ya riga zuciyata, na ce, "Wa zai shiga? Ni ko leƙawa ban yi ba."

Abba ya juya kan Zira. Ya ce ni na ce sabo, kai ka ce gwanjo, kai ka ce a ƙara gudu, kai ka saita da hannunka, gumina na gona ka sa na sayi mushe. Zira yana ta cewa tsaya mu duba, tsaya mu duba. Sai Abba ya faɗi maganar da har yau take min amo. Ya ce, "Da ma an ce min kada in yarda da ku." Zira ya ce, "Mu? Su wa ne mu, Abba?" Ya ajiye sukundireba a kan tebur a hankali, ya ce, "Mama, sai an jima," ya fita. Ni ina tsaye. Kalma ɗaya ce za ta kashe wutar nan, ban furta ba.

Tun ranar Abba ya koma gidan jiya. Gona ya daina, gindin mangwaro babu kowa, in ya ji muryar Zira ta bayan katanga sai ya ja bargo ya rufe kai. Babansa yana ta faɗa wai a kan wasan yara za a ɓata zumunci, bai san matarsa ce ta ƙulla ba. Ni kuma ina salla ina istigfari, amma na sani a makaranta an koya mana, haƙƙin wani ba ya faɗuwa da istigfari sai ka nemi mai shi. To da wace fuska?

Abin da ya ƙarasa ni shi ne haɗuwata da Maman Zira a wurin markaɗe. Na so in kauce, ta riƙo hannuna ta ce, "Maman Abba, yara sun yi faɗa, mu ma za mu yi?" Na ce a'a wallahi. Ta ce Zira ba ya cin abinci, kullum yana kan waya yana binciken inda ya yi kuskure. Ta ce ta tambaye shi ko dai an rufe abin ne kamar yadda ya fara zato, ya ce mata, ni yake nufi, "A'a. Mama ya ce bai shiga ba. Mama ba ya ƙarya. Ni ne na tura shi da yawa." Anti, yaron ya san aikinsa, hancinsa ya gaya masa gaskiya, amma ya ƙaryata kansa ya gaskata ni. Har a rumfa wai yanzu in an kawo masa babban gyara sai ya ce a kai wa wani. Na dawo gida da bokitin markaɗe ban san ta inda na biyo ba.

Na gwada faɗa wa Abba, Allah shaida ne. Na kai masa kunu na zauna a bakin gado na ce akwai maganar da nake so mu yi. Ya karɓi kofin ya ce, "Dada, in maganar Zira ce ki bar ta. Kowa haka yake. Ke kaɗai kika rage min." Sai na ce masa sha kafin ya huce, na tashi na fito. Ku gaya min, in na faɗa masa, wa zai rage masa? In kuma na yi shiru, yaron mutane ya ci gaba da ɗaukar kayan da ba nasa ba, ɗana kuma ya girma da wannan mummunar kalma a bakinsa yana ganin daidai ya faɗa, alhali ni na sa masa ita?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Jiya Maman Zira ta leƙo ta katanga ta ce Zira zai koma wurin kawunsa a Jos, ya ce zaman nan ya ishe shi. Ranar Asabar motarsu za ta tashi. Ta ce ya ce ko Abba ba zai fito ba, shi zai shigo ya durƙusa ya yi min sallama, in sa masa albarka, don ni ma uwarsa ce.

Zai shigo, zai durƙusa a gabana, Abba yana ɗaki yana ji. In fara samun Zira shi kaɗai in roƙe shi gafara, in bar shi ya zaɓi abin da za a gaya wa abokinsa? In haɗa su biyun in faɗa a gabansu, ko me zai faru ya faru? Ko in fara da baban Abba? Iyaye mata da ke wannan shafi, da malamai, da ku samari da kuka san zuciyar irin Abba, Asabar ta kusa. Me zan yi?