Za A Rataye Tagar Kakata A Bangon Gidan Shayi

Hajiya Zakiya, don Allah ki taimake ni da shawara kafin wata ya ƙare. Ni ɗalibar sakandare ce a nan Jidda. Ban iya magana a gaban manya ba, shi ya sa na rubuto.

Muna da tsohon gida a unguwar Balad wanda kakanmu ya bari. A benen akwai roshan, tagar katakon nan mai ƙananan ƙofofi da ke leƙo titi. Kakata, Sitti Madina, ta fi shekara arba'in tana zama a cikinta. Nan take jera tuluna iska ta sanyaya ruwa, nan take zuro kwando da igiya mai burodi ya saka mata. Tana ganin kowa, ba mai ganinta.

Bara Baffa Muntaka, ƙanen mahaifina, ya je Sin saro kaya. Can aka kai shi wani tsohon gida da aka mayar wurin shan shayi, an haɗa tsohon katako da gilashi da ƙarfe. Tun da ya dawo ba shi da zance sai wannan. Ya shawo kan 'yan'uwansa a mayar da tsohon gidan haka, aka kawo Sitti gidanmu a unguwar Madain Fahd, wai na wata uku. Yau wata bakwai. Gyaran da aka yi a ƙasa ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Amma shekaranjiya na ji yana gaya wa mahaifina cewa farkon wata za a ɓalle roshan, a sa gilashi tun daga ƙasa har sama. Ita kuma a goge ta, a rataye a bango bayan mai zuba shayi, baƙi su riƙa ɗaukar hoto. Taga a jikin bango, ba titi a bayanta! Har yana dariya, wai ai ya gama magana, shi ke nan.

Abin da ya fi ƙona mini rai, Sitti ba ta sani ba. Tagar ɗakinta a nan bangon maƙwabta take kallo. Duk Juma'a sai ta tambayi yaushe za ta koma, kowa ya ce kwanan nan. Ni ma na faɗa mata haka, kuma ina jin kunyar kaina.

A makaranta an ce mana ba a taɓa gidajen Balad sai da izinin baladiyya, wato hukumar birni. Ban san ko Baffa ya nema ba. Na samo lambarsu, ina so in buga ba tare da faɗin sunana ba. Sai dai kafintan da ke aikin, Malam Saleh, dattijo ne daga Damagaram, kuma na ji an ce iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar nan, ba ta sabuntu ba. In buga ko in bari?

Daga 'Yar Balad

'Yata, kada ki buga. Idan jami'ai suka zo, takardun Malam Saleh za su fara dubawa, shi da bai yi miki komai ba.

Ki yi wa baffanki adalci. Tsohon gidan da ba a gyara shi zubewa yake yi, shi kuwa bai sayar ba, so yake ya rayu. Amma fushinki yana kan hanya. Tsohuwar nan mahaifiyarsu ce, tana da haƙƙi a gidan, kuma wata bakwai ana lallaɓa ta da abin da ba gaskiya ba. Wannan ya fi ɓalle katako muni.

Kin iya rubutu, na gani. Ki rubuta wa mahaifinki takarda cikin ladabi, ki miƙa masa da hannunki. Ki roƙi a gaya wa Sitti gaskiya, a kai ta ta ga gidan kafin a taɓa tagar. Maganar izini kuma shi ya kamata ya yi wa ƙanensa. Mai yiwuwa a bar mata benen, shayi ya tsaya a ƙasa. Mai yiwuwa kuma ita ta ce a cire, gwiwoyinta sun gaji da matakala. In haka ta zaɓa, ki haƙura, tagarta ce.

Juma'ar nan idan ta tambaye ki, kada ki ce kwanan nan. Ki ce mata Baba yana da magana da ita. Allah Ya ƙara wa Sitti lafiya, Ya yi miki albarka.

Hajiya Zakiya