Laimar Kwaɗi a Rairayin Dubai

Assalamu alaikum, Hajiya A'i.

Ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Ni lafiya lau, sai gwiwar nan da ke gaishe ni duk safiya. Autarmu Ramlat fa, har yanzu fushi take don na ce ta bar karatun tsirrai?

Kin san wata Dakta mai bincike nake tuƙawa. Da aka yi ruwa makon jiya, muka shiga rairayi, wai neman laimar kwaɗin da za a adana! Na tsinko guda don in burge ta, har na kama wankewa. Ta ce, "La, la, Baba Sabo! Ƙasar jikinta ma shaida ce." Ta durƙusa gaban wata, ta ɗauki hoto, ta rubuta rana da wuri, sannan ta cire hular laimar ta kifa ta kan farar takarda. Washegari sai ga garin da ya zubo daga ƙarƙashin hular ya fito da zane, layi-layi kamar sabon kitso, ba hannun kowa. A'i, na daɗe tsaye ina tasbihi.

Ki gaya wa Ramlat na janye maganata, ta koma ajinta. In ta gama, ni ne ɗalibinta na farko.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Naki,
Sabo