Filin Ƙwallon Da Yaya Arzika Ya Ɗinka

Zuwa ga Mai Girma Shugaban gidan rediyon da muke kamawa a ƙofar gidanmu,
Birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da dukkan ma'aikatanka, da fatan kuna jure wannan zafi namu na Sakkwato. Da gangan na ƙi ambatar sunan tasharku. Ba tonon asiri ya kawo ni ba, kuma kafin ka kai ƙarshen takardar nan za ka gane da kai nake.

Sunana Sanda, hatsi nake sayarwa, a Ƙofar Atiku aka haife ni kuma nan nake zaune. Ni ba mutumin ƙwallo ba ne. Har yau ban gane abin da zai sa ƙarti ashirin da biyu su yi ta bin abu guda cikin rana ba, alhali ga inuwa. Na rubuto ne saboda yayana, Malam Arzika baduku. Wasa ɗaya ya rage wa ƙungiyar ƙasarmu a rukuninta na neman gurbin gasar cin kofin nahiya, kuma a karo na farko tun da na san shi, Yaya ya ce ba zai saurara ba. Ina tsoron in ya bar wannan ya wuce, ya bar ƙwallo ke nan har abada, kuma ba shi da wani abin da ya rage masa wanda yake fitar da shi daga ɗaki.

Bari in fara gaya maka ko wane ne shi. A ƙuruciya gola ne a filayen Tudun Wada, ba takalmi ba safar hannu, ya dawo gida gwiwa duk a ƙuje, Inna tana faɗa yana dariya. Da ya girma ya gaji dukanci wurin mahaifinmu, yana ɗinka jaka da takalmi da kube. Shekara tara ke nan hawan jinin ido ya rufe masa gani. Abin ya zo a hankali, daga gefe-gefe, har ya zama ba ya ganin komai. Abu na ƙarshe da ya ɗinka da sauran ganinsa shi ne filin ƙwallo. Ya samo fatar jan akuya mai laushi, ya yanke ta daidai cinyarsa, ya bi da basilla ya tayar da ɗinki a kan kowane layi yadda yatsa zai ji shi: layin tsakiya da da'irarsa, yadi na sha takwas, kusurwowi huɗu, da raga biyu da ya yi wa saƙa. Ƙwallonsa wata 'yar tsakuwa ce mai santsi da ya tsinto a bakin gulbi.

Ranar wasa, da an sallame la'asar, sai mu shimfiɗa tabarma ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida. Ya ɗora fatar a cinya, ya aza tsakuwar a tsakiya, ni kuma in kamo tasharku. A wancan lokaci kuna da wani dattijo mai sharhi, wanda na ji an ce ya yi ritaya bana. Ba shi da wata murya ta a zo a gani, amma ba ya barin ƙwallo ta ɓace. Zai ce tana gefen hagu, ta wuce layin tsakiya da taku goma, an mayar da ita baya, an ɗaga ta sama ta nufi kusurwar dama. Yana faɗa, yatsan Yaya yana tafiya. In aka yi bugun kusurwa sai ka ga Yaya ya ɗan ɗaga kafaɗa kamar shi zai tashi ya cafke. Sau da yawa yana riga mai sharhi sanin za a ci, ya ce mini, "Sanda, sun bar hili ga dama, yanzu ka ji." Kafin in haɗiye yawu sai ihu ya tashi.

Ranka ya daɗe, ni mai ido ne, amma a kan wannan fata na fara ganin ƙwallo. Yaya bai taɓa wuce Gusau ba a rayuwarsa, sai dai duk ƙasar da 'yan wasanmu suka je, ya je. In mai sharhi ya ce ana yayyafi a wani birni na bakin teku, sai Yaya ya riƙa tura tsakuwar da sauri, wai ciyawa ta jiƙe, ƙwallo ba ta tsayawa. In an ce filin yana kan tudu ana sanyi, sai ya ja mayafi ya rufe ƙafa, mu kuwa zufa tana zubo mana. Da safe wurin koko yakan ba ni labari cewa ya sake kallon wasan a barci, da idonsa garau, ciyawa shar kamar fadamar shinkafa bayan ruwa, fitilu sun haska ko'ina, shi yana tsaye bakin raga babu wanda ya ce ya fita. Yakan faɗi har launin rigunan 'yan kallo. Ba na gardama da shi, don ban taɓa zuwa ba, shi kuwa ya je.

To ga ƙorafina, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na ɗaya. Tun da aka fara wasannin wannan rukuni kuka sa sabon mai sharhi. Muryarsa zaƙwai, Allah ya ba shi, in yana magana har mata a cikin gida suna rage daka. Amma ba ya faɗin inda ƙwallo take. Zai ce, kai jama'a, ku dubi wannan, ku dubi yanka! To mu dubi me? Shi yana gaban talabijin, mu muna gaban akwatin da ba ya nuna komai. Zai kira sunan ɗan wasa sau biyar a jere, bai ce yana hagu ko dama ba, bai ce gaba ya nufa ko baya ba. A wasan farko na ga yatsan Yaya yana yawo a kan fata, ya je nan ya dawo, ya tsaya, kamar baƙon da aka sauke a tasha ba a zo tarbarsa ba.

Na biyu, gaishe-gaishe. Ban ƙi a gai da mutane ba, mu Sakkwatawa ba a fi mu gaisuwa ba. Amma a wasa na uku na ajiye agogo a gabana na lissafa da kaina: kafin hutun rabin lokaci, minti goma sha ɗaya ya tafi a gaisuwa. An gai da masu shayi, an gai da 'yan kabu-kabu, an gai da wata amarya a unguwar Minanata da dangin angonta ɗaya bayan ɗaya. Duk wannan ana cikin wasa, muna jin hayaniyar 'yan kallo can ƙasa-ƙasa tana tashi tana sauka, alamar ana wani abu, ba mu san ko mene ne ba.

Na uku shi ne wanda ya hana ni sukuni, kuma a cikinsa da laifina. Bayan wasa na huɗu na rufe rumfa da hantsi na zo ofishinku da ƙafata. Ban same ka ba, aka haɗa ni da wani jami'i mai fara'a. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Na ba shi labarin Yaya da fatarsa tun daga farko, har na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ɗauki biro ya tambayi cikakken sunan Yaya, da sana'arsa, da unguwa, da sunayen 'ya'yansa. Ya ce in kwantar da hankalina, wannan bawan Allah ya cancanci a yi masa abin da zai ji daɗi. Na dawo gida ina taƙama, na ce wa Yaya an gyara. Ranar ya sa aka shafa wa fatar man shanu.

Ranar wasa na biyar ta zo. A filin ƙasarmu ake wasan, kuma an daɗe ana fafatawa babu ci. Can bayan hutun rabin lokaci muka ji hayaniyar 'yan kallo ta fara hawa. Yaya ya gyara zama, tsakuwa tana kan layin tsakiya, nan ne wuri na ƙarshe da aka ce ƙwallo take. Sai mai sharhi ya gyara murya ya ce yana da gaisuwa ta musamman. Ya kira Malam Arzika baduku na Ƙofar Atiku. Ya ce dattijo ne mai larurar gani wanda bai taɓa barin wasa ya wuce shi ba. Ya gai da matarsa, ya gai da 'ya'yansa huɗu da sunayensu, ya gai da ni. Ya shiga yi masa addu'ar samun lafiya, yana cikin addu'ar filin ya tsage da ihu. Sai ya katse ya ce ta shiga, ta shiga, jama'a mun ci!

Shi ke nan cin da aka yi a wasan. Yaya bai san daga ina ta taso ba, bai san ko da ka aka sa ta ko da ƙafa ba. Unguwa ta ruɗe, mutane suka yo kanmu, rabi na murnar ci, rabi na murnar an kira sunansa a rediyo. Suna girgiza masa kafaɗa, suna cewa yau ka zama babban mutum. Yana amsawa, yana godiya, don shi mutum ne mai kunya. Ni kaɗai na lura yatsansa bai motsa daga layin tsakiya ba. Da mutane suka watse ya juyo wajena a hankali ya ce, "Sanda, ta wane gehe tab biyo?" Wallahi, ranka ya daɗe, tun rasuwar Inna ban ji abin da na ji a ƙirjina ba irin na wannan yammaci. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago, kuma ni na kai mu.

Washegari ɗan maƙwabcinmu ya nuna mini cin a waya, na kalla sau uku, na zo na kwatanta wa Yaya iya iyawata. Ya saurara har na gama, ya ce na gode, amma tuwon jiya ne. Ya ce daren nan bai ga komai a barci ba. Ya naɗe fatar ya tura ƙarƙashin katifa, kuma yau kwana goma sha biyu bai fito gindin dogonyaro ba. In na yi masa zancen wasan ƙarshe sai ya tambaye ni farashin gero.

Na san ba da mugunta kuka yi ba. Karamci kuka yi niyya, irin wanda aka san mu da shi, kuma shi ya sa abin ya fi ciwo, don babu wanda zan riƙe in yi wa faɗa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ga abin da nake roƙo:

Na farko, a tara gaishe-gaishe a kai su hutun rabin lokaci da bayan an tashi. Amarya ba za ta ƙi jira minti arba'in da biyar ba.

Na biyu, a riƙa faɗin inda ƙwallo take, ko da sau ɗaya a kowane numfashi biyu: wane gefe, wane rabi, wa ke riƙe da ita, ina ya dosa. Ba Yaya kaɗai ba ne. Akwai direba a hanya, akwai mai gadi, akwai manomi a ƙauyen da babu wuta. Duk wanda ya kama rediyo, a wannan sa'a shi da Yaya ɗaya suke.

Na uku ban so rubuta shi haka ba. Da farko cewa na yi a sauya mai sharhin. Amma kafin in aiko na zauna bakin ƙofar ɗakin Yaya na karanta masa takardar, don ba na son in sake zuwa wani wuri da sunansa bai sani ba. Da na kai nan sai ya ce in goge. Ga abin da ya ce a sa a madadinsa, kuma na rubuta yadda ya faɗa: "Kak ka sa a raba yaron mutane da abincinai. Muryatai na da kyau, ba a dai gwada mai ba. Ka ce shi taho nan kahin wasa. In ba shi tsakuwa shi riƙa, shi ruhe idonai, ni in yi mai sharhi. Minti goma ya isa."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun ranar. Saboda haka ƙofarmu a buɗe take kowace rana bayan la'asar. In mai sharhin ya iso Ƙofar Atiku ya tambayi gidan Arzika baduku, yanzu kam babu wanda bai san shi ba, ku kuka sanar. Yaya ya ce ko canjaras aka yi mun samu gurbi, lissafinsa ne, ban sa baki ba. Ni dai ranar zan shimfiɗa tabarma in kamo tasharku kamar kullum, in ƙara murya yadda za a ji daga ɗaki. Ba zan kira shi ba. In ya ji ana faɗin inda ƙwallo take, na san yayana, da kansa zai lalubo bango ya fito.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya yi maka jagora a kan wannan kujera, ya kare maka ganinka da na zuriyarka har ƙarshen rayuwa. Allah ya ba yaranmu sa'a a wasan da ya rage.

Wassalam.

Naka mai saurare,
Sanda mai hatsi,
Ƙofar Atiku, Sakkwato.