Bangon da Ke Tsakanina da Ɗana

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina roƙon mai kula da wannan dandali ya sakaya sunana. Ku kuma 'yan'uwa, don Allah ku ba ni shawara, domin zato ya shige mini zuciya, alhali na san hukuncinsa, ni da kaina na sha karantar da shi.

Ni dattijo ne, na shafe rayuwata ina koyar da fiƙihu a zauren gidana a Zariya. Babban ɗana, wanda mutane ke ce wa Dakta, yana aikin bincike a Doha. Shi ya kawo ni neman maganin gwiwa, sai korona ta rufe hanya, na zauna a gidansa da ke unguwar Thumama, kusa da wani filin wasan ƙwallo, ɗakina yana jikin nasu shi da matarsa. Don kada karatu ya yanke, na ci gaba da ba ɗalibaina darasi ta waya da hantsi, lokacin da su can suka idar da Asuba, ina ja da murya sama suna maimaitawa, kamar yadda muka saba.

Wata rana ya kawo ma'aikata, suka shimfiɗa wata auduga mai kauri a bangon da ke tsakaninmu, suka rufe ta da alluna, suka liƙa roba a ƙasan ƙofarsu. Na tambaya, ya ce mitin yake yi ta kwamfuta. Har ya yi mini bayani cewa sauti girgiza ce, tana bin iska ta kowace kafa, tana kuma ratsa bango, abu mai nauyi yana tare ta, mai laushi yana shanye ta. Na gamsu, na sa masa albarka.

Da gasar kofin duniya ta zo, sai ga ma'aikata sun dawo. Wannan karon ya ce hayaniyar 'yan kallo ce ke hana matarsa barci, da yake nas ce, takan kwana a asibiti, sai da rana take rama barci. To amma tagar ɗakinsu da ke kallon titin filin wasan ba a taɓa ta ba, bangon nan dai aka ƙara wa kauri. Bisa bayanin da shi da bakinsa ya yi mini, ai taga ya kamata a fara toshewa. Da na faɗa masa haka sai ya sunkuyar da kai, ya ce in yi haƙuri a bar maganar, khalas, wato shi ke nan. Bai taɓa yanke mini magana ba sai ranar. Surukata kuwa, da ta durƙusa gaishe ni na tambaye ta ko karatuna yana damunta, ta ce haba Baba, ai albarka ce, amma ba ta ɗago ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, kwanan baya bayan Azahar gwiwa ta sare mini, na faɗi a gefen gado. Suna cikin ɗakinsu, na yi kira har muryata ta dushe, na bubbuga bango, babu wanda ya ji. Da jan ciki na kai ga kujera. Har yau ban gaya musu ba.

Yanzu zato biyu ke cina. Ko dai akwai abin da ake yi a ɗakin da ba a so in ji, ko kuwa muryata ce, da karatun da ke cikinta, aka gina wa katanga. Bin diddigin sirrin Musulmi haramun ne, ba zan kasa kunne a ƙofarsu ba. In na matsa masa, zan kunyata shi a gaban matarsa. In na koma Zariya, na bar magani a tsakiya.

To 'yan'uwa, in keɓe shi in tambaye shi gaba da gaba, in tattara in tafi, ko in rage murya in yi shiru? Idan kuma na yi shirun, na sake faɗuwa, wa zan kira?