Saƙon Inna a Kan Fitilar Hagu

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mu nan Nguru lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Damina ta yi kyau, hanyar Gashua ce dai ta ƙara ramuka. Inna ta ba ni saƙo in kawo maka, na kuma amsa mata da to. Amma kafin in faɗa sai ka ji abin da na yi wa motarka, don na san da kana nan da tuni 'yan tasha sun riga ni kai maka labari.

Na canza mata fitilu, Baba.

Na san fuskar da za ka yi. Kai da ko madubin a-kori-kurar nan ba ka yarda a gyara wa zama. Tun ranar da saniya ta tunkuyi fitilar hagu a kasuwar Jajimaji ka ɗaure ta da waya, take kallon ƙasa kamar mai jin kunyar surukai. Ta dama kuwa can sama take haskawa, ga su jajaye kamar aci-balbal. Inna ta yi mita har ta gaji. Duk sanda ta ce ka gyara, amsarka ɗaya ce: "Bari kaka ta yi." Kaka ta yi ta wuce, wata ta zo, har ka tafi waya na nan inda ka ɗaura ta.

Ka bar Inna ta fara ruɗewa, ka sani. Lokacin abin kaɗan ne, ta ajiye carbi ta manta, ko ta kira matata Falmata da sunan ƙanwarta da ta rasu. Yanzu ya yi nisa. Yanar ido ta rufe mata gani, haske da duhu kawai take rabewa, kunnen ma ya yi nauyi. Ta yi maka takaba, ta karɓi gaisuwa, amma duk wannan ya goge a kanta. A wurinta lodi ka fita da safe. Bayan rasuwarka abinci ya zama yaƙi, sai an yi lallashi take kai loma biyu.

Ranar da na fara fita da motar na dawo bayan magariba, Falmata ta tare ni a zaure da hawaye a idonta. Ta ce ina shan kwanar famfo ta bakin layinmu Inna ta gyara ɗankwali ta ce, "Ga Malam nan, a zubo tuwo." Kuma ta ci, ta sha ruwa. Da ta tambayi inda ka tsaya, Falmata ta ce ka wuce masallaci. Inna ta ce ai dama ba ka shigowa sai ka yi isha'i. Kafin a idar barci ya ɗauke ta.

Tun daga ranar aka ɗaure ni, Baba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Dole motar nan ta sha kwanar famfo tsakanin magariba da isha'i, ko ana ruwa ko ana me. Ba na kwana a ko'ina. Wani Alhaji mutumin Hadejia ya nemi in riƙa kai masa busasshen kifi Kano, na ba shi haƙuri. Aikin babbar motar da na daɗe ina nema ya fito, na ce a ba wani. Ɗaurin auren abokina a Machina, ana shafa fatiha na kama hanya, ko abinci ban tsaya ci ba. Yaya Modu yana Kano, Yaya Hajja tana gidanta a Damaturu. Suna kira, suna sa mini albarka, su ce Auta kai ne ka riƙe gida. Sai su kashe waya su kwanta inda suka ga dama. Ni kuwa duniyata ta tsaya daga Nguru zuwa Gashua, daga Gashua zuwa Nguru.

Ga abin da ya kai ni ga taɓa fitilun. Wata yamma masu lodi suka ɓata mini lokaci a Gashua, na fito rana ta kusa faɗuwa, an kuma ɗauke ruwa ke nan, kwalta ta yi baƙi. Ina ta sauri don in riski Inna. Na wuce Jajimaji duhu ya fara shiga, sai ga tirela ta taho da irin fararen fitilun nan na zamani, ta ƙi rage mini. Idona ya rufe. Tana wucewa na ga amalanken shanu a gabana, mata da yara a kai, sun taso daga kasuwa. Na taka birki da duk ƙarfina, kwalayen kifi suka zo suka daki bayan kaina. Da motar ta tsaya, da hannu zan iya taɓa tayar amalanken. Wata tsohuwa ta juyo ta dube ni, ba ta ko ɗaga murya ba, ta ce, "Ɗan nan, ba ka da ido ne?" Na ba ta haƙuri, suka wuce. Na daɗe a gefen hanya kafin in sake tayar da mota.

Kana yawan cewa kai ka san hanyar nan ko ido a rufe, fitila don na gabanka kake kunnawa. To ni ban kai ka ba, kuma hanyar ma ba wadda ka sani ba ce yanzu.

Washegari na kai ta wurin Sunday mai wayarin. Za ka tuna shi, ɗan mutumin Filaton nan da kake sayen batir a wurinsa a Gashua, wanda Hausarsa ta fi tawa. Yana buɗe bonet ya kama dariya, wai ƙwayayen fitilun nan sun girmi sana'arsa. Ya kwance wayarka, ya sa ƙarfen da ya dace. Ya goge gilasan da suka dushe. Ya kawo sababbin ƙwayaye farare masu 'yar fanka a bayansu don kada su yi zafi. Har ƙananan fitilun ƙasan bamba, waɗanda tun ina yaro ban taɓa ganin sun kama ba, ya sa musu sababbi saboda tururin da ke tashi daga fadama da asuba. Daga nan ya sa na fuskanci bango, ya yi ta murɗa kusoshi har hasken biyu ya tsaya a layi ɗaya, ya ɗan sunkuyar da su don kada in yi wa wani abin da tirela ta yi mini. Tsofaffin ƙwayayenka zai jefar, na karɓa na naɗe a tsumma, ni kaina ban san dalili ba.

Ba zan yi maka ƙarya ba, na ji daɗin dawowa ranar. Na ga kowane rami tun daga nesa, na ga idon awaki a gefen hanya, na ga mai keke kafin ya gan ni. Har rediyo na kunna. Karo na farko ke nan da na ji kamar motar tawa ce.

Na sha kwanar famfo, na tsaya a ƙofar gida, na shiga da sallama. Na tarar da Inna ta ja jiki ta manne da bango, tuwo a gabanta ba ta taɓa ba. Ta ce, "Wannan ba motar Malam ba ce. Su wa suka zo? Me ya sami Malam?"

Na koma waje na tayar da inji, na taka mata totur don ta ji ƙarar. Duk tsawon lokacin nan na ɗauka ƙarar take ganewa. Falmata ce ta biyo ni ta ce in kashe, ba ƙarar ba ce. Ta ce idan na sha kwana, haske yakan tsallako ta kan katanga ya sauka a bangon ɗakin Inna, ɗaya can sama kusa da taga, ɗaya kuma ya shigo ta zaure ya kwanta a gindin randa, duka jajaye. Shi take jira kullum. Ni ban taɓa gani ba, don kullum ina bayan sitiyari.

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Ta daina ci. Da yamma ta ce a kai ta tasha ta tambayi direbobi. Ta ce ko mota ta lalace maka a daji ne ba mu je nema ba, wane irin 'ya'ya ne mu. Wata magariba gajiya ta ci ƙarfina, na durƙusa a gabanta na ce, Inna, Baba ya rasu, kin ma yi masa takaba. Ta yi kuka irin na ranar farko, sabo fil, har maƙwabta suka shigo. Da gari ya waye ta manta, ta sake tambaya ko ka dawo. A nan na gane ko gaskiya ba za ta fitar da ni ba, sai dai in riƙa sabunta mata mutuwarka kullum.

Na koma wurin Sunday na ce ya mayar mini da tsofaffin. Ya ƙi. Ya ce da bakina na ba shi labarin amalanke, shi ba zai sa hannunsa a mayar da ni makaho ba, in je wurin wani. Sai na gaya masa zancen Inna. Ya goge hannu da tsumma, can ya ce tasa uwar ma tana ƙauye, ta daina gane shi. Ya shiga cikin tarkacen bayan shagonsa ya fito da kwandunan fitila biyu zagayayyu waɗanda tsofaffin ƙwayayenka za su shiga. Ya cire sababbin ƙananan fitilun, ya ɗaura waɗannan a kan bamba, ya ja musu waya daban da makunninsu a ƙarƙashin sitiyari. Da na ce ya karkatar da ta hagu ƙasa, ya dube ni ya ce, "Tunda na fara aikin nan ban taɓa lalata saitin fitila da gangan ba." Ya miƙo mini sifana ya ce wannan ni zan yi da hannuna.

A ƙofar gida na yi, bayan magariba. Ina durƙushe gaban mota ina sassauta noti, Falmata tana tsakar gida tana ba ni umarni ta kan katanga, in ɗaga ta dama, in ƙara sunkuyar da ta hagu, in ƙara kaɗan, in tsaya haka. Ina cikin ɗaurewa na jiyo muryar Inna a sanyaye tana cewa ga Malam nan, a zubo tuwo. Na zauna a ƙasa nan gaban taya, sifana a hannuna, na yi kukan da ban yi ba ranar jana'izarka.

Haka muke yanzu. A kan hanya ina tafiya da farin haskena. Ina zuwa kwanar famfo sai in kashe, in kunna naka, in shigo layi a hankali. Fitilun tururi na rasa su, da asuba sai in bi fadama kamar mai tafiya da amarya. 'Yan tasha suna tsokanata wai motata ido huɗu, biyu na saurayi biyu na tsoho. Ina taya su dariya.

Amma na gaji, Baba. Wata rana ina isowa kwanar sai in tsaya, hannuna a kan makunni, in dubi titin da ya miƙe ya fita gari. Ba abin da zai hana ni in bar farar fitila a kunne in wuce. Nakan ji haushinka a lokacin, da ka gyara abin nan tun ana gaya maka da ba haka ba. Nakan ji haushin su Yaya, har ita kanta Inna, Allah Ya yafe mini. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san ranar da za a kwance ni, kuma ba na son ranar ta zo. Sai in murɗa makunni in shiga.

To ga saƙon. Jiya bayan ta ci tuwo ba ta yi barci da wuri ba. Ta ji motsina ta kira ni, ta lalubo hannuna ta riƙe. Ta ce, "Auta, ka gaya wa babanku ya gyara fitilar hagun nan. Ni na gaji da faɗa. Hanya ta cika da manyan motoci, wata rana zai hau kan mutane ko a hau kansa. Ba ya jin tawa, ko kai zai ji taka." Na ce to, Inna. Ta ce kada in manta. Na ce ba zan manta ba.

Na faɗa maka ke nan, Baba, na sauke. Idan ta tambaye ni yau da daddare abin da ka ce, zan ce mata ka ce a bari kaka ta yi. Na san za ta yi tsaki ta ce halinka ke nan, sannan ta kwanta.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya yalwata maka shi. Allah Ya sanyaya wa Inna zuciya, Ya sa ta cika da imani a lokacin da Ya so, ba lokacin da gajiyata ta so ba. Ni kuma Allah Ya ƙara mini haƙuri, Ya tsare ni da mutanen da ke gabana a hanya, Ya kawo ni kwanar famfo a kan lokaci. Amin.

La'asar ta yi, ina Gashua, an gama lodi. Bari in kama hanya.

Ɗanka,
Bukar Auta